Ole Kirk Christiansen, Kafintan da Ya Kafa LEGO

Yaro makiyayi

A nahiyar Turai, arewa da Jamus, akwai wata ƙaramar ƙasa da ake kira Danmak. Teku ya kusa kewaye ta. Ƙasa ce mai sanyi ƙwarai. A lokacin hunturu rana ba ta daɗewa a sama. Tun wajen ƙarfe huɗu na yamma duhu yake farawa, sai kowa ya shige ɗaki ya rufe ƙofa. Watanni da yawa wasan yara a cikin ɗaki ne, ba a dandali ba. Shi ya sa abin wasa yake da daraja a wurinsu.

A wannan ƙasa aka haifi Ole Kirk Christiansen, ran 7 ga watan Afrilu, shekara ta 1891, kusa da wani ƙauye mai suna Filskov. Ƙasar wurin rairayi ce, ba ta ba da amfani sosai. Iyayensa talakawa ne, ga ƴaƴa da yawa. Saboda haka kowane yaro, da zarar ya tasa, sai a nema masa aikin yi.

Ole yana ƙarami aka sa shi kiwo. Kwana biyu kawai yake zuwa makaranta a mako, sauran kwanakin yana bayan dabbobi. Duk da haka ya koyi karatu da rubutu da lissafi. A wurin kiwo yakan samu guntun itace, ya zauna yana sassaƙa shi da ƴar wuƙa. Ba wanda ya saya masa abin wasa. Abin da ya tsinta a ƙasa, shi yake maida abin wasansa.

A 1905, yana da shekara 14, ya shiga koyon kafinta a hannun wansa Kristian. Ya yi shekara shida yana koyo. Ya san zarto da guduma da kurfi, ya san katakon kirki da na banza. Da ya ƙware, a 1911, sai ya fita neman aiki. Ya yi aiki a Jamus, sa'an nan ya wuce Norwe. A Norwe ya haɗu da wata yarinya mai suna Kirstine, wadda ta zama matarsa.

A 1916 ya komo gida da ɗan kuɗin da ya tara. Ya sayi wani wurin aikin katako a Billund. A lokacin Billund ƙauye ne ƙarami, gidaje ƙalilan a gefen tashar jirgin ƙasa. Da bazara Ole da ma'aikatansa sukan gina wa manoma gidaje da ɗakunan dabbobi. Da hunturu sukan zauna a ɗakin aiki suna yin ƙofofi da tagogi da kabad. Mutum ne mai riƙo da addininsa na Kirista, kuma an san shi da aiki mai kyau. Allah ya ba su ƴaƴa maza huɗu: Johannes, Karl Georg, Godtfred da Gerhardt.

Wuta da talauci

A 1924 masifa ta farko ta auku. Biyu daga cikin ƴaƴansa, Karl Georg da Godtfred, suna ƙanana, suka kunna wuta a ɗakin aiki kusa da sassaƙen katako. Sassaƙe busasshe kuwa ba ya jiran komai. Nan da nan wuta ta kama ɗakin aiki, ta ci gidan da suke zaune. Ba wanda ya rasa ransa, amma komai ya zama toka.

Ole ya sake gini. Bai gina ƙaramin gida ba, sai ya gina wanda ya fi na dā girma, da mutum-mutumin zaki biyu a bakin ƙofa. Gidan ya fi ƙarfin aljihunsa, har sai da ya ba da hayar wasu ɗakuna. Wannan hali nasa ne: idan abu ya rushe, yakan tayar da wanda ya fi shi. Wani lokaci halin ya taimake shi, wani lokaci ya jefa shi cikin bashi.

A watan Oktoba na 1929 kasuwar hannun jari ta faɗi a birnin New York na Amurka. Kamar abin da ke nesa ne, amma cikin shekara biyu wahalar ta iso har Billund. Manoman Danmak suna sayar da man shanu da nama ga Ingila da Jamus. Farashi ya faɗi. Manomin da ba shi da kuɗi ba ya gina sabon gida, ba ya sayen kabad. Aikin kafinta ya tsaya. Ole ya riƙa sallamar ma'aikatansa ɗaya bayan ɗaya.

Shekara ta 1932 ita ce mafi ɗaci a rayuwarsa. A cikinta matarsa Kirstine ta rasu. Ta bar shi da yara huɗu, ƙaramin yana ɗan shekara shida. Ga bashi, ga rashin aiki, ga marayu.

Sai ya yi tunani: mutane ba su iya sayen babban abu, amma suna iya sayen ƙarami. Ya fara yin tsani da teburin guga da ƴan kujeru. Daga guntayen katakon da suka rage ya fara yin motoci da jirage da dabbobi na wasa. Godtfred, wanda yake da shekara 12, yakan zo ya taimaka masa bayan an tashi daga makaranta.

Ƴan'uwan Ole sun yarda su tsaya masa ya samu rance a banki. Amma sun so ya bar wannan sana'a ta kayan wasa, ya nemi abin da ya fi amfani. A ganinsu babban kafinta bai kamata ya ɓata lokacinsa a kan wasan yara ba. Ole bai bari ba. Ya lura cewa ko da uba ba shi da kuɗin sayen kujera, yana ƙoƙari ya faranta wa ɗansa rai ranar biki.

Cinikin bai zo da sauƙi ba. Wani babban ɗan kasuwa ya yi odar kaya masu yawa, amma kafin a kai masa ya karye. Ole ya loda kayan da kansa, ya bi kanti-kanti yana talla. Wasu masu kanti ba su da kuɗi, sai su biya shi da kayan abinci. Ya karɓa, domin yara a gida suna buƙatar ci.

A wannan lokaci ne wani wasa ya shigo, ana kiransa yoyo. Ba yoyon ɗaki da damina ba ne! Faifai biyu ne ƙanana na katako, a haɗe, da zare a tsakaninsu. Mai wasa yakan sake shi ƙasa, sai ya hau zaren ya komo hannunsa. Kowa yana son yoyo. Ɗakin aikin Ole ya yi ta yin su dare da rana. Kwatsam sai yayin ya wuce, kamar yadda yayi yake wucewa. Aka bar Ole da tarin yoyo, ba mai saye.

Wani da ya zubar da su, ko ya sa su a murhu. Ole ya ɗauki ɗaya ya duba. Ya raba shi biyu. Kowane rabi ga shi kewayayye, ga rami a tsakiya. Ashe taya ce! Sai ya maida yoyon da suka yi kwantai tayoyin motocin wasa. Motocin kuwa suka samu kasuwa.

Suna da agwagwa

A 1934 Ole ya ga ya kamata sana'arsa ta samu suna. Ya sa gasa tsakanin ma'aikatansa, kowa ya kawo suna. A ƙarshe sunan da shi kansa ya ƙago aka ɗauka. Ya ɗauki kalmomi biyu na harshen Danmak, leg da godt. Ma'anarsu ita ce a yi wasa da kyau. Ya ɗauki haruffa biyu na farkon kowace kalma, ya haɗa: LE da GO. Daga baya aka lura cewa a harshen Latin kalmar tana iya nufin tattarawa ko haɗawa. Ole bai san haka ba lokacin da ya zaɓe ta, kuma a lokacin babu tubalin roba ko ɗaya a ɗakin aikinsa. A shekarar ya sake aure, ya auri Sofie, suka haifi ɗiya mace mai suna Ulla.

Abin wasan da ya fi suna a waɗannan shekaru agwagwa ce ta katako. Tana da tayoyi da igiya. Idan yaro ya ja ta, sai bakinta ya riƙa buɗewa yana rufewa. Ole ba ya amfani da ɗanyen katako. Yakan bar katako ya sha iska shekara biyu kafin a taɓa shi, don kada ya tsage a hannun yaro. Bayan an yanka, a goge, a yi fenti, sai a shafa man ƙyalli har sau uku.

Wata rana Godtfred ya kai akwatunan agwagwa tashar jirgin ƙasa. Ya dawo yana murna. Ya gaya wa mahaifinsa cewa ya rage wa kamfani kashe kuɗi, domin sau biyu kawai ya shafa man ƙyalli, ba sau uku ba. Yana tsammani za a yaba masa. Ai kuwa ran Ole ya ɓaci. Ya umarce shi ya koma tasha ya ɗauko akwatunan duka, ya buɗe su, ya shafa wa kowace agwagwa shafi na uku, ya sake ɗaure su, ya maida su tasha. Kuma ba wanda zai taimaka masa. Yaron ya kwana yana aiki.

Ga mai kallo daga waje, hukuncin ya yi tsanani. Wane mai saye ne zai iya gane shafi biyu daga shafi uku a kanti? Amma agwagwar za ta sha ja a ƙasa, ta sha ruwa, ta sha cizo. Bayan wata shida bambancin zai fito. A wurin Ole, yaro ba mai saye ba ne da za a yi wa ha'inci don ba shi da wayo. Godtfred bai manta da wannan dare ba har ya tsufa. Shi ne ma ya sassaƙa taken mahaifinsa a kan allo, aka rataye a ɗakin aiki. Taken yana nuna cewa ko abu mafi kyau bai yi wa yaro yawa ba.

A watan Afrilu na 1940 sojojin Jamus suka mamaye Danmak. Yaƙin Duniya na Biyu ke nan. Kayan wasa daga waje suka daina shigowa, ƙarfe kuma ya yi wuya. Sai kayan katako na Billund suka samu kasuwa. Amma a watan Maris na 1942, da dare, wuta ta sake tashi. Ta cinye masana'antar, da kayan da aka gama, da zane-zanen da ake bi wajen aiki. Ole yana da shekara 50. Ya kusa ya haƙura. Abin da ya tsayar da shi shi ne ƴaƴansa da ma'aikatansa, waɗanda ba su da wani wurin cin abinci a wannan ƙauye. Ya sake cin bashi, ya gina sabuwar masana'anta. Kafin yaƙi ya ƙare mutum wajen 40 suna aiki a cikinta.

Injin roba

Bayan yaƙi katako mai kyau ya yi wuyar samu. A lokacin kuma wani sabon abu yana shigowa duniya, wato roba mai tauri, wadda ake kira filastik. Ole ya je Kopenhagen, babban birnin ƙasar, ya ga ana nuna wani inji da aka ƙera a Ingila. Ana zuba ƙwayoyin roba a cikinsa. Zafi ya narkar da su. Injin ya tura narkakkiyar robar da ƙarfi cikin mazubi na ƙarfe. Idan ta huce, a buɗe mazubin, abu ya faɗo da siffar da ake so. Na farko da na dubu duk girmansu ɗaya.

Injin yana da tsada, kuɗin Danmak kurona 30,000. Kuɗi ne masu yawa ga ƙaramin kamfani. Ƴaƴansa sun ji tsoro. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana aikin katako, me ya kai shi ga roba? Ole ya dage. Injin ya iso Billund a 1947. Cikin abubuwan farko da aka yi da shi akwai abin kaɗawa na jarirai mai siffar kifi.

A nan akwai gaskiyar da ya kamata a faɗa. Ba Ole ne ya fara ƙago tubalin wasa na roba ba. Wani Baturen Ingila mai suna Hilary Page ya riga shi. Page ya daɗe yana lura da yadda ƙananan yara suke wasa, kuma kamfaninsa, Kiddicraft, yana yin ƴan tubala masu hawa kan juna. Samfurin waɗannan tubala ya zo hannun Ole a lokacin da yake cinikin injin. Ya duba su, ya juya su, ya ga abin da za su iya zama. Aka ɗan canza awonsu, kuma a 1949 LEGO ya fara sayar da nasa. Page ya rasu a 1957. Sai a 1981 kamfanin LEGO ya sayi haƙƙin zanen tubalan Kiddicraft.

Tubalin farko yana da ƴan maɓallai a samansa, wani huɗu, wani takwas. Cikinsa fanko ne, kamar akwati da aka kife. A gefensa akwai tsaga inda ake soka taga ko ƙofa. Launi-launi ne: ja, fari, rawaya da sauransu.

Mutane ba su so shi ba. Masu kanti da yawa suka maido da akwatunan da ba a saya ba. Wata mujalla ta masu sayar da kayan wasa ta rubuta cewa roba ba za ta taɓa maye gurbin katako ba. Kuma lalle tubalin yana da aibi. Ba ya kama ɗan'uwansa da ƙarfi. Yaro zai gina gida mai kyau, amma da ya ɗaga shi don ya nuna wa uwarsa, sai ya wargaje. Abin da ya riƙe sashen roba a waɗannan shekaru ba tubali ba ne, wata ƴar tarakta ce ta wasa mai kama da taraktar Ferguson da manoman Danmak suke sha'awa. Duk da haka Ole bai yarda a daina yin tubala ba. A 1953 aka sa musu suna LEGO Mursten, wato tubalan LEGO.

Tarin da ba ya ƙarewa

A 1951 Ole ya yi ciwon shanyewar jiki. Ya tashi, amma ƙarfinsa bai komo kamar dā ba. Kaɗan-kaɗan ragamar kamfani ta koma hannun Godtfred, yaron nan na gobara da na agwagwa.

A farkon 1954 Godtfred ya shiga jirgin ruwa zuwa Ingila, wajen baje kolin kayan wasa. A cikin jirgin ya haɗu da wani mai sayo kaya na wani babban kanti a Kopenhagen. Mutumin ya yi kukan cewa kayan wasa ba su da tsari. Kowane abu zaman kansa yake yi. A saya wa yaro mota yau, gobe a saya masa jirgi, amma mota da jirgi ba su san juna ba. Idan yaro ya gaji da abu, sai ya jefar.

Maganar ta zauna a zuciyar Godtfred. Da ya koma gida ya duba kayan da kamfaninsu yake yi, sun fi iri 200. Ya nemi wanda zai iya zama tsari. Agwagwa tana da kyau, amma agwagwa ce yau, agwagwa ce gobe. Idan aka ba yaro agwagwa goma, ba abin da ya ƙaru sai yawa. Tubali kuwa dabam ne. Shi kaɗai ba komai ba ne. Amma kowane sabon tubali yana ƙara wa tsofaffin amfani.

A 1955 aka fito da tsarin wasa na LEGO. Akwai akwatuna iri 28 da ƙananan motoci 8. Akwai kuma wata shimfiɗa da aka zana tituna a kanta, da filaye da ba a gina komai ba. Aikin yaro ne ya cika filayen. A nan zai sa gida, a can gidan mai, a can kanti. Yana wasa, yana kuma koyon yadda ake ƙetare titi. Dokar tsarin ɗaya ce: duk abin da aka saya bana dole ya shiga cikin wanda aka saya bara.

Saboda wannan doka, abin da yake faruwa a gidaje ya canza. Yaro ya samu akwati ɗaya ranar haihuwarsa, ya samu wani ranar biki, wansa ya bar masa nasa. Ba da daɗewa ba kwalayen sun yage, an juye komai a cikin babban mazubi ɗaya. Ja ya gauraya da fari, taga ta gauraya da ƙofa. Da wani abin wasa ne, da an ce ya lalace. A nan kuwa wasan ya fara ke nan.

To, me za a gina da wannan tari? Akwatunan farko ba su zo da takardar da ke nuna gini mataki-mataki ba, irin ta yanzu. Hotuna ne kawai a kan murfi da cikin ƴan takardu, don su ba yaro shawara. Sauran aikin na idonsa ne. Wani yaro yakan leƙa ta taga, ya ga gidan maƙwabci ko tashar jirgi, ya kwaikwaya. Wani yakan ware tubalan, manya a gefe, ƙanana a gefe, don ya san abin da yake da shi. Idan ja ya fi yawa, ga rufi ko motar kashe gobara. Wani kuma yakan ɗauki yanki ɗaya da ya bambanta da saura, ya juya shi, ya tambayi kansa da me ya yi kama, sa'an nan ya gina sauran a kewayensa. Hanyar da Ole ya bi ke nan ranar da ya ga taya a cikin yoyo. Idan tubalan da ake so suka ƙare a tsakiyar gini, sai a canza shawara: gidan da bai samu rufi ba ya zama garka, hasumiyar da ta gajarta ta zama rijiya.

Akwai darasi ɗaya da kowane ƙaramin magini yake koya da kansa. Idan aka jera tubali daidai a kan tubali, bango yakan rabe gida-gida. Idan aka ɗora kowane tubali a kan mahaɗar biyu na ƙasa, bango ya kama. Haka magina na gaske suke yi da tubalin ƙasa ko na siminti.

A gidan Ole ma akwai irin wannan yaro. Jikansa Kjeld, ɗan Godtfred, an haife shi a 1947, shekarar da injin ya iso. Ya tashi cikin tubala, yana gina abin da ya ga dama. Hotonsa ne aka sa a kan akwatunan LEGO na waɗannan shekaru. Daga baya shi ya shugabanci kamfanin.

Masana lissafi sun ƙirga abin da tari yake iya bayarwa. A ɗauki tubala masu maɓalli takwas, masu launi ɗaya. Biyu suna haɗuwa ta hanya 24. Uku suna haɗuwa ta hanya 1,560. Shida fa? Wani malamin lissafi na Danmak mai suna Søren Eilers ya sa kwamfuta ta ƙirga, ta samu hanya 915,103,765. Tubala shida ke nan kawai, waɗanda ba su cika tafin hannu biyu ba.

Mako shida

Saura matsala ɗaya: har yanzu gini yana wargajewa idan aka ɗaga shi. Godtfred da ma'aikatansa suka yi ta gwaji. Sun gwada siffofi dabam-dabam a cikin fankon tubalin. A ƙarshe suka tsaya a kan ƴan bututu. A ƙarƙashin tubali mai maɓalli takwas aka sa bututu uku. Idan aka danna shi a kan wani, maɓallan na ƙasa sukan matse tsakanin bututun da bangon tubalin. Riƙon yana da ƙarfin da gini ba zai faɗi ba, amma bai fi ƙarfin yatsun yaro ba idan yana so ya ɓalle. Wannan ma'auni shi ne mai wuya. Idan riƙo ya yi sako-sako, gini ya rushe. Idan ya yi tsanani, abin da aka gina sau ɗaya ya zauna ke nan, ba a sake wani.

Ran 28 ga Janairu, 1958, aka kai takardar neman rajistar wannan ƙirƙira ofishin hukuma a Kopenhagen. Bayan mako shida cif, ran 11 ga Maris, 1958, Ole Kirk Christiansen ya rasu. Yana da shekara 66. A lokacin mutum wajen 140 suna aiki a masana'antarsa, kuma an fara sayar da tubalan a Norwe da Suwidin da Jamus.

Bai ga abin da ya biyo baya ba. A watan Fabrairu na 1960 wata gobara ta cinye sashen kayan katako. Wannan karo ba a sake gina shi ba. Godtfred ya yanke shawara a bar katako, a tsaya a kan tubali kaɗai. A 1962 aka ƙara taya a cikin tsarin. A 1963 aka koma wata roba da ta fi ƙarfi, wadda launinta ba ya saurin koɗewa. A 1968 aka buɗe filin wasa na Legoland a Billund, inda aka gina ƙananan garuruwa da tubala. A 1978 aka fito da ƴan mutanen nan masu rawayar fuska. Amma awon maɓalli da bututu bai canza ba. Tubalin da aka yi a 1958 yana kama wanda aka yi bana, don haka tarin kaka yana shiga cikin tarin jika.

Billund ya zama gari mai filin jirgin sama. Gidan da Ole ya gina bayan gobarar 1924 yana nan a tsakiyar garin, da zakunansa biyu a bakin ƙofa. Kamfanin yana ajiye kayan tarihinsa a wurin, har da agwagwar katako mai tayoyi.